Amurka: tsofaffi na zaɓen maƙwabta bisa ga jam'iyya

A ƙasar Amurka, ma'aikacin da ya ajiye aiki sau da yawa yakan sayar da gidansa ya ƙaura zuwa inda zai ƙarasa sauran kwanakinsa. A da tambayoyi uku ne yake yi kafin ya ɗaure kaya: yaya sanyin wurin yake, nawa ne haraji, kuma ina gidan likita mafi kusa. Yau an samu ta huɗu, wadda ga wasu ta fi sauran nauyi, wato wace jam'iyya ce mutanen wurin suke jefa wa ƙuri'a.

Binciken da cibiyar Pew ta yi a 2014 ya nuna cewa rabin riƙaƙƙun masu ra'ayin riƙau, da kashi 35 bisa 100 na riƙaƙƙun masu ra'ayin sauyi, suna ganin muhimmancin zama a inda yawancin jama'a ke da ra'ayin siyasa irin nasu. Matashi aiki ne ke zaɓa masa gari. Tsoho kuwa da kuɗin fansho a hannu, babu abin da ya ɗaure shi, saboda haka shi ne ya fi kowa ikon cika wannan buri.

Garin da babu yara

Misali mafi shahara shi ne The Villages, a jihar Fulorida, kimanin kilomita 70 daga birnin Orlando. Wani ɗan kasuwa, Harold Schwartz, ya kafa tushensa, ɗansa Gary Morse, wanda ya yi suna wajen ba jam'iyyar Rifablikan gudummawar kuɗi, ya mai da shi gari. Ƙidayar 2020 ta samu mutum sama da 79.000 a tsakiyarsa kawai. Dokar tarayya ta 1995 ta halatta irin waɗannan unguwanni, muddin kashi 80 bisa 100 na gidajen suna da aƙalla mutum ɗaya mai shekara 55 ko fiye. Wanda bai kai 19 ba, ko jika ne, sai dai ya zo baƙunta ta kwana 30 a shekara. Ba a yin sanyi mai tsanani, jihar ba ta karɓar haraji a kan abin da mutum ke samu, kuma mazauna na yawo cikin ƴan ƙananan motocin wasan golf.

Gundumar Sumter, inda mafi yawan garin yake, ta ba Donald Trump wajen kashi 68 bisa 100 na ƙuri'unta a 2016, da 2020, da 2024. Gundumar da Orlando take ciki kuwa ƴan Demokrat ta zaɓa duk sau ukun. Nan ne lissafin mai ritaya yake. Manyan biranen Amurka galibi na Demokrat ne, yayin da karkara ta karkata ga Rifablikan. Tsoho mai ra'ayin riƙau yana bukatar manyan likitocin birni da filin jirgin saman da ƴaƴansa za su sauka, amma ba ya son siyasar birnin; sai ya nemi wurin da bai wuce tafiyar awa ɗaya a mota ba. Haka ƴan Kaliforniya da dama suka yi da suka koma Coeur d'Alene a jihar Idaho, kusa da birnin Spokane. Mai ra'ayin sauyi shi kuma yakan nufi ƙananan garuruwa masu jami'a, irin su Asheville a Karolina ta Arewa.

Abin da ƙasa ke biya

Ɗan jarida Bill Bishop, tare da masanin zamantakewa Robert Cushing, sun auna wannan rarrabuwa cikin littafinsu The Big Sort na 2008. A zaɓen 1976, kimanin kashi 27 bisa 100 na masu ƙuri'a ne ke zaune a gundumomin da ɗan takara ɗaya ya yi rinjaye da ratar kashi 20 ko fiye. A 2004 sun kai kashi 48. Ba tsofaffi kaɗai suka jawo haka ba, amma ƙaurarsu na cikin lissafin, ga shi kuma sun fi matasa fita zaɓe.

An ce sai hali ya zo ɗaya ake abota, kuma ba wanda zai ga laifin dattijon da ya gaji da gardama. Sai dai Bishop ya yi gargaɗi cewa mutanen da ba su jin kowa sai irinsu ra'ayinsu ƙara tsauri yake, har su daina fahimtar yadda mai hankali zai zaɓi ɗaya ɓangaren. Wakilin da irin wannan mazaɓa ta tura majalisa shi ma ba ya tsoron abokin hamayya. Tsoronsa kada ƴan jam'iyyarsa su ce ya yi sassauci.

Ko a The Villages ɗin ma zaman bai zama na baki ɗaya ba. A watan Yunin 2020, wani hoton bidiyo ya nuna tsofaffin ɓangarorin biyu suna zagin juna a kan titi, wani magoyin bayan Trump na ɗaga muryar fifikon farar fata. Trump ya yaɗa hoton, daga baya ya goge. A watan Yulin 2024 kuma ɗaruruwan motocin golf suka yi jerin gwano don Kamala Harris. Kusan mutum ɗaya cikin uku na gundumar bai zaɓi Trump ba, kuma waɗannan ma sun saye gidajensu ne da niyyar su tsufa a ciki. Ranar da ciwo ya kwantar da ɗayansu da tsakar dare, ƴaƴansa suna wata jiha mai nisa, wanda ke zaune a gidan da ke kusa shi ne zai fara ƙwanƙwasa masa ƙofa, ko wa ya zaɓa.