Lissafin Rumbu da Asusun Gida

Ƴan'uwa manoma, da kaka hatsi yana da arha. Ranar Lahadi kasuwar Tawa takan cika da gero da wake, kowa yana neman kuɗin biyan bashi, ko na aure, ko na mota zuwa cin rani. Idan bazara ta yi, rumbu ya yi ƙasa, sai mutum ya koma kasuwa ya sayi irin geron da ya saida, amma da tsada. A zagayen da nake yi a makarantun yaƙi da jahilci na Adar, wannan kuka nake ji kowace shekara. Maganinsa yana farawa da lissafi.

Fara auna rumbunka

Ma'aikatan noma na ƙasarmu suna ƙiyasta cewa mutum ɗaya yana buƙatar wajen kilo 231 na hatsi a shekara, idan an haɗa manya da yara. Buhu ɗaya kilo 100 ne, wato wajen tiya 40.

Ga misali. A ce gidanka mutum 8 ne. Abincinku na shekara buhu 18 da rabi ke nan. Idan ka samu buhu 12, zai kai ku wajen wata takwas kawai. Sauran wata huɗu fa? Su ne watannin noma, lokacin da ake buƙatar ƙarfi, kuma lokacin da zazzaɓin cizon sauro yake kama yara. Wanda ya yi wannan lissafi tun da kaka ba zai saida tiya ɗaya da gaggawa ba.

Ɗauki alƙalami ka raba abin da ka samu kashi huɗu: na ci, na iri, na rashin lafiya, na hidimar gida kamar suna da tufafin salla. Kuɗin da ƴan cin rani suke aikowa daga Abijan, Najeriya ko Libiya su ma a raba su haka. Ku zauna da uwargida ku yi lissafin tare, domin ita ta san tiya nawa ake dakawa a rana.

Asusun mata

A shekarar 1991, a jihar Maradi, ƙungiyar CARE ta taimaka aka fara wani tsari mai suna Mata Masu Dubara. Daga baya ya bazu har jihar Tawa, yau kuma ana yin irinsa a ƙasashe da yawa na Afirka da Asiya.

Mata wajen 25 ko 30 suna taruwa kowane mako. Kowace tana zuba abin da aka yarda a kai. Kuɗin suna shiga akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku dabam. Ba a buɗe akwati sai a gaban kowa. Mai bukata takan karɓi rance ta yi sana'a, ta maido a ranar da aka sa. Kafin shekara ta zagayo sai a raba kuɗin duka.

Ya bambanta da adashi. A adashi mutum yana jiran ranar kwasarsa. A asusu kuwa rance yana samuwa lokacin da bukata ta taso. Yawancin ƙungiyoyi suna ɗora ɗan ƙari a kan rance. Wadda take da shakka a kan wannan, ta tambayi malaminta tun kafin ta shiga.

Kada a raina kaɗan. Dala 40 kowane mako, a shekara jikka 10 ne da dala 80. Mata 25 masu zuba haka suna tara jikka 5 a kowane zama.

Asusun ajiya da rance

Akwai kuma babban asusu mai ofis da ma'aikata, wanda muke kira kes. Asalinsa daga manoma ne. A ƙasar Jamus wani magajin gari mai suna Raiffeisen ya kafa irinsa a 1864, domin ya raba talakawan ƙauye da masu ba da bashi da tsada.

Irin wannan asusu na mambobinsa ne. Mutum yana biyan kuɗin shiga, ya sayi kaso, a ba shi littafin ajiya. A babban taron shekara kowane mamba ƙuri'a ɗaya gare shi, mai jikka ɗari da mai jikka ɗaya duk daidai suke.

Kafin ka ajiye kuɗinka, ka kula da abu uku. Na ɗaya, ka tambayi takardar izini daga ma'aikatar kuɗi ta ƙasa. Na biyu, kada ka fita sai an rubuta abin da ka zuba a littafinka, ka karanta da idonka. Na uku, kafin ka sa hannu a takardar rance, ka tambaya: nawa zan biya duka, kuma yaushe? Duk wanda ya yi maka alkawarin ninka kuɗi cikin wata ɗaya, ka guje shi.

Jinginar hatsi

To, mai bukatar kuɗi da kaka fa, yaya zai yi? Akwai dubarar da ake kira warantaji, wadda hukumar FAO ta yaɗa a Nijar tun daga 1999. Manoma suna tara buhunansu a magaza guda, kowane buhu da sunan mai shi. Ana sa kwaɗo biyu: makulli ɗaya wurin ƙungiyar manoma, ɗaya wurin kes. Kes tana ba kowa rance ƙasa da kuɗin hatsinsa. Da wannan rance ake kiwon rago, ko noman albasa da tumatir a fadama. Da bazara a biya, a buɗe magaza, kowa ya ɗauki hatsinsa lokacin da ya yi daraja.

Amma a yi hattara. Wata shekara farashi ba ya hawa sosai. Ƙwari kuma suna ɓata hatsin da bai bushe ba. Rancen da aka kashe a biki, shi ke cinye buhu.

Mutanen Adar ba su manta da 1984 da 2005 ba. Ba mu da iko da ruwan sama, amma muna da iko da lissafinmu. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Kai da ka iya karatu da rubutu yanzu, ka buɗe shafi a littafinka yau, ka rubuta yawan mutanen gidanka da yawan buhunanka. A zama mai zuwa, ka kawo shi aji mu duba tare.