Waƙar Nan Take: Abin Da Ya Kamata Ku Sani

Akwai mawaƙin da zai zauna ya tsara waƙarsa, ya yi ta bita da yaransa kafin ya fita fage. Akwai kuma wanda sai ya tsaya gaban jama'a, kiɗa ya kankama, sannan baitoci su riƙa zuwa masa. In ana zancen na biyun a ƙasar Hausa, sunan da ke fara zuwa baki shi ne na Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa, wanda ya rasu a 1999 bayan ya shafe fiye da shekara 50 yana waƙa.

Shin daga sama waƙar take faɗowa?

A'a. Wanda ke ƙaga waƙa a fage ya daɗe yana tanadi. Kansa cike yake da kirari da karin magana da habaici, ya san sunayen garuruwa da sarautu, ya san wane ɗan wane ne. Abin da yake yi a gaban mutane shi ne zaɓe da jerawa cikin gaggawa, ba tare da ya saɓa wa kiɗa ba.

Mene ne aikin 'yan amshi?

Waƙar baka tana da gindi, wato layin da ake ta komawa kansa, tana kuma da ɗiya, waɗanda jagora ke kawowa ɗaya bayan ɗaya. Yaran Shata gindin kawai suke riƙewa, kalangai na tafiya. Wannan ɗan taƙin da suke amshi shi ne lokacin da yake numfasawa, ya dubi taro, ya shirya abin da zai faɗa. In wani mai kyauta ya shigo fage, sai a ji sunansa da na garinsu sun shiga waƙar.

A kwatanta da Musa Ɗanƙwairo Maradun. Yaransa kan karɓe masa magana su ƙarasa, wani lokaci su haɗa baki da shi a dogon ɗa. Irin wannan ba ya yiwuwa sai an zauna an yi bita. Kowanne gwani ne, amma tsarin Shata ya fi ba jagora sararin sauya hanya.

Me ya sa waƙa ɗaya take fitowa iri-iri?

Masu tara faya-fayan Shata sun san Bakandamiyarsa ba iri ɗaya ba ce. Gindin yana nan, kiɗan yana nan, amma ɗiyan sukan ƙaru ko su ragu, gwargwadon wuri da mutanen da ke zaune. Don haka wanda ya je biki ya ji abin da wanda bai je ba ba zai taɓa ji ba, sai fa in an naɗa.

Hausawa ne kaɗai ke yin haka?

Ko kusa. Kiɗan jaz, wanda baƙaƙen fatar Amurka suka ƙirƙiro a birnin New Orleans a farkon ƙarni na 20, a kan wannan ya ginu: a fara da karin da kowa ya sani, sannan kowane makaɗi ya yi nasa a kai. Lokacin da makaɗin jaz Miles Davis ya naɗi faifansa Kind of Blue a 1959, ɗan zanen tsari kawai ya miƙa wa abokan aikinsa, sauran a ɗakin naɗa suka samar.

Ina amfanin yin waƙa nan take?

Shi ne ke sa masu sauraro su zama da hannu a waƙa. Guɗar mata, shewar matasa, kyautar da aka miƙa, duk suna iya juya akalarta. Kuma nan ake gane gwani, domin a fage babu gogewa a sake. Mawaƙan yau da suka saba da situdiyo, inda kwamfuta ke gyara murya, in suna son gwada kansu, sai su tsaya da makaɗa a gaban taro su ga ko magana za ta zo.