Baiko Ko Gasa? Kiristocin Bauchi Da Zamanin Son Abin Duniya

Tun daga 1976, lokacin da Bauchi ta zama babban birnin jiha, garin yake ta bunƙasa. Ma'aikata da 'yan kasuwa sun kwararo daga Tafawa Balewa da Bogoro da Filato da Kudu, da yawansu kuwa Kiristoci ne, suka zauna a unguwanni irin su Yelwa. Wannan ya zo daidai da zamanin kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji na 1975, sa'ad da babur da rediyo da leshi suka zama ma'aunin mutum. Kayan sun sake, yau ana zancen mota da wayar hannu, amma ma'aunin yana nan.

Majami'un garin ba su tsira daga wannan guguwa ba. Akwai ECWA, wadda ta tsaya da ƙafafunta a 1954 daga mishan ta SIM, akwai COCIN, akwai Angalikan da suka sami bishop nasu a Bauchi a 1990, ga kuma Katolika da aka ɗaukaka yankinsu ya zama cikakkiyar dayosis a 2003. Dukansu suna koyar da kyauta da tawali'u, watau ƙasƙantar da kai. Littafi Mai Tsarki, wanda aka gama fassara shi da Hausa a 1932, ya kawo labarin wata gwauruwa matalauciya da ta jefa 'yan tsabar kuɗi biyu cikin baitulmali, Yesu Almasihu ya fifita kyautarta bisa ta mawadata domin ita ke nan abin da ta mallaka. Ya kuma kawo yadda ya wanke ƙafafun almajiransa, abin da Katolika suke maimaitawa kowace shekara ranar Alhamis kafin Ista.

To, inda gizo yake saƙar shi ne bikin godiya ta girbi. Asalinsa manomi ne yake kawo damin dawa ko kaza gwargwadon ƙarfinsa. A birni kuwa, a wasu wurare, sai a kira sunan mai bayarwa a faɗi adadin kuɗinsa a bainar jama'a, a bi shi da tafi. Mai ɗan abin hannu sai kunya ta rufe shi, wani ma ya ci bashi don kada a raina shi. Wa'azin da yake ɗaukar dukiya alamar albarka, wanda marigayi Benson Idahosa na Benin ya yi fice da shi tun cikin shekarun 1970, ya ƙara wa wutar mai. Marigayi Paparoma Francis kuwa, cikin wasiƙarsa ta 2015, ya yi kakkausan gargaɗi game da al'adar saye da zubarwa.

Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, tsadar hatsi a kasuwar Wunti da ta Muda Lawal ta sa tambayar ta ƙara nauyi: baikon nan, ginin majami'a zai tafi ko tukunyar maraya? Amsa mafi kyau tana wurin Zumuntar Mata. Su ne suke tara mudun masara da sabulu da itace, su kai wa mai jego da majiyyaci da wadda mijinta ya rasu, ba tare da an kira sunan kowa ba.

Mutanen Bauchi ba su rasa abin koyi ba. A cikin garin kabarin Sir Abubakar Tafawa Balewa yake, Musulmin da ya shugabanci Nijeriya har 1966, ya bar duniya bai tara dukiya ba, Kirista da Musulmi kuma suna ambatonsa da girma. Lalle alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, ko da kuwa ba a yi shelarsa ba.