Ƙoƙon Bara Kaɗai Marubuta Suka Sani a Hannun Makaho?

Duk wanda ya saba sallar Juma'a a babban masallacin Adjamé, a Abidjan, ya san layin da ke bakin ƙofa: makafi a zaune da ƙoƙo, wasu da ɗan jagora riƙe da bakin sanda, ana miƙa sadaka ana wucewa ba tare da an ko tanka musu ba. Sai ga shi a 2024 hukumar birnin Abidjan, ƙarƙashin Ibrahim Cissé Bacongo, ta haramta bara da tallan kan titi.

Wanda ya karanta La Grève des bàttu na Aminata Sow Fall, marubuciyar Senegal, wanda ya fito a 1979, ba zai ji wannan doka baƙuwa ba. A littafin, wani babban jami'i mai suna Mour Ndiaye ya kori mabarata daga tituna don kada su ɓata wa baƙin yawon buɗe ido rai. Can kuma malaminsa ya ce ba zai samu kujerar da yake kwaɗayi ba sai ya yanka sa ya raba wa mabarata a kusurwoyin gari. Su kuwa suka ce atafau ba za su koma titi ba. Daga cikin na gabansu akwai makaho, Nguirane Sarr, mai tsafta da ɗaurin wuya, mai magana da ƙarfin rai. Cheick Oumar Sissoko na Mali ya mayar da labarin fim a 2000. Marubuciyar ta tona mana asiri, domin ta nuna cewa sau da yawa mai bayarwa biyan buƙatarsa yake nema, makahon kuma hanya ce kawai.

Amma a lura, ko a wannan littafi mai adalci, makahon mabaraci ne. Nan ne damuwata. A Les Soleils des indépendances na Ahmadou Kourouma, ɗan Côte d'Ivoire, wanda ya fito a 1968, mabaratan kasuwa taro ne marar suna da ya far wa Salimata bayan ta ciyar da su. Turawa ma ba su tsira ba: da aka mayar da littafin José Saramago kan annobar makanta fim a 2008, ƙungiyar makafin Amurka ta yi zanga-zanga a ƙofar gidajen sinima, saboda an nuna wanda ya rasa gani kamar ya rasa mutunci da hankali gaba ɗaya. Mu ma kunnenmu ya saba. Muna cewa makaho ya rasa ido ya ce ido wari gare shi, muna dariya, yaro yana ji yana girma da shi. A finafinanmu na Hausa kuwa, in makaho ya fito, galibi ko abin tausayi ne ko abin barkwanci.

Alhali labarin gaskiya yana nan a Abidjan. A 1986 wasu ma'aurata makafi suka iso daga Bamako: Amadou Bagayoko, mai kaɗa jita, wanda idonsa ya rufe yana saurayi, da Mariam Doumbia, wadda ƙyanda ta makantar tun tana 'yar shekara biyar. A makarantar makafi ta Bamako suka haɗu. Ba bara ta kawo su ba, neman wurin ɗaukar sauti suka zo. Wani ɗan Najeriya da ake kira Maikano ne ya fitar musu da kaset-kaset, kasuwa ta karɓa, daga nan sai Faris, har faifansu na 2004 ya zagaya duniya. Amadou ya rasu a Bamako a watan Afrilun 2025. Ga soyayya, ga baƙunta, ga ciniki, ga sana'a. Me kuma mai shirya fim yake nema? A ƙasar Hausa ma muna da Malam Aliyu Namangi na Zariya, makaho, wanda waƙarsa ta Imfiraji ta shiga kowane gida, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Haka Ɗaha Husaini na Masar, wanda ya rubuta tarihin yarintarsa cikin makanta, ya kuma zama ministan ilimi a 1950.

Unguwar Treichville ta Abidjan ta taɓa nuna yadda ake gyara irin wannan. A nan Jean Rouch ya ɗauki fim ɗin Moi, un Noir na 1958, inda ya bar 'yan ci-rani daga Nijar suka ba da labarinsu da bakinsu. Ɗaya daga cikinsu, Oumarou Ganda, ɗan dako a tashar jiragen ruwa, ya zama darakta, ya kuma lashe babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1972. Abin da makafi ke jira ke nan. A unguwar Yopougon akwai cibiyar gwamnati da ke koyar da makafi karatu da sana'a, kuma daga Adjamé mota ɗaya ce. Marubutanmu da masu shirya finafinai, kafin ku sake ɗora wa wani jarumi baƙin tabarau da ƙoƙo, ku je can ku zauna da su, ku saurara, ku ba su alƙalamin.