Kuɗin Gini Da Kuɗin Riƙo: Abin Da Ke Rufe Gidajen Wasa

Tun da wayar hannu ta game ƙasar Adar, har ya zamana saurayi yana zaune a bakin garkar albasa a fadamar Tarka yana kallon abin da ke gudana a Amurka, akwai labaran da ke iso mana waɗanda a zahiri ba ruwanmu da su, amma idan mai hankali ya yi musu duban tsanaki sai ya tarar da fa'ida a cikinsu. Daga ciki akwai labarin manyan gidajen wasa na ƙasashen Turawa, inda akan ji kamfani mai dukiyar da ba ta ƙidayuwa ya rufe wani lilo, ko wani jirgin wasa, ko ma gidan ɗungurungum, rufewa ta har abada, alhali kuwa jiya-jiya mutane na jerin gwano a ƙofarsa. A Madawa da Buza da Keita ba mu da irin waɗannan gidaje. Nishaɗin yaranmu dandali ne da langa da kokowar kaka da sukuwar salla. Sai dai ƴan bida da suka je Kano ko Legas ko Abijan sun ga ƙananansu, wanda kuma ya taɓa yin salla a Yamai ya ga yadda yara ke cika gidan tarihi na Bubu Hama don kallon zaki da dorina. Lissafin da ke rufe na can kuwa, shi ne dai ke rufe na nan.

Farkon abin da ya kamata a fahimta shi ne yadda masu waɗannan gidaje ke karɓar kuɗi. Sa'ad da Walt Disney ya buɗe Disneyland a Kalifoniya a watan Yuli na 1955, kowane abin hawa da nasa tikiti, saboda haka duk maraice ana iya ƙidaya abin da kowane lilo ya kawo, a san wanda ya ci da kansa da wanda aka ciyar. A 1982 aka bar wannan tsari, aka koma biya ɗaya a bakin ƙofa, wanda ya shiga ya hau duk abin da ransa ke so har dare. Wannan sauyi, ko da yake baƙo ya ga sauƙi a cikinsa, shi ne ya juya hukuncin kowane abin wasa da ke cikin gidan, domin daga ranar babu lilon da ke da sunansa a shafin riba, amma kowane ɗaya yana da sunansa a shafin kashewa. Idan an rufe guda ɗaya cikin arba'in, kuɗin ƙofa ba su raguwa ko da tamma, albashin masu tsaronsa da wutarsa da gyaransa kuwa sun tsira gaba ɗaya. Ma'aji wanda ya ga wannan lissafi ya kau da kai, lalle ba ma'aji ba ne.

Kuɗin da ake kashewa iri biyu ne, kuma jahiltar bambancinsu ita ce asalin mamakin da jama'a ke yi. Wanda ya taɓa riƙon doki ya san kuɗin saye sau ɗaya ake biyan su, amma harawa da dawa da kanwa na kullum ne, an hau ko ba a hau ba. A gidan wasa, kowace safiya kafin a buɗe ƙofa sai makanikai sun bi hanyar jirgin suna duba kusoshi da birki da ƙafafu, sa'an nan a sake shi ya zagaya babu kowa a ciki. Lokaci-lokaci kuma a kwance taragunsa ƙarfe-ƙarfe a bincika ko akwai tsaga wadda ido bai gani. Ga kuɗin inshora, waɗanda ke hawa duk sa'ad da aka yi haɗari ko da a wani gari ne, ga kuma kayan gyara, waɗanda idan na'ura ta tsufa maƙerinta ya daina yin su, sai an ba da aiki na musamman a ƙera guda ɗaya da tsadar goma. Ma'aunin da masu gidan ke amfani da shi ɗaya ne: a raba abin da aka kashe a rana da yawan mutanen da suka hau. Abin wasa mai jinkiri, mai bukatar ma'aikata da yawa, wanda ke ɗaukar mutane kaɗan a sa'a, shi ne farkon wanda wuƙa ke hawa kansa, ko da kuwa shi ne mafi soyuwa ga tsofaffin baƙi.

Babu misalin da ya fi bayyana wannan kamar jiragen ƙarƙashin ruwa da Disney ta buɗe a gidanta na Fulorida a 1971. An haƙa tafki, aka cika shi da kifaye da duwatsu na ƙarya, aka sa jirage masu ɗaukar kusan mutum 40 suna zagayawa, baƙi na leƙe ta tagogi. Kowane jirgi da direbansa da injinsa, ruwan tafkin kuma wajibi ne a riƙa tace shi dare da rana don ya kasance garau, abin da ya lalace a ƙasa kuwa sai mai ninƙaya ya nutsa ya gyara, ga matakala mai ƙunci da ke sa shiga da fita su ci lokaci. A watan Satumba na 1994 aka rufe wurin, aka ce gyara za a yi. Sai bayan kamar shekara biyu aka faɗi gaskiya, tafkin kuma ba a cike shi ba sai 2004. Haka Disney ta yi wa wurin wankanta na River Country, wanda aka buɗe a 1976: an rufe shi a ƙarshen 2001, lokacin da tafiye-tafiye suka ragu bayan harin 11 ga Satumba, ga kuma sababbin wuraren wanka biyu da suka fi shi girma, amma ba a yi shelar cewa ya rufu ke nan ba sai 2005. Wannan jinkirin faɗa ba mantuwa ba ce, dabara ce, domin fushin mutane kan huce idan aka ba shi shekaru, kuma ni a ganina a nan ne kawai za a iya ɗora wa kamfanin laifi ba tare da zalunci ba, tun da tattalin dukiya halal ne, ɓoye niyya ga wanda ya ba ka kuɗinsa kuwa wani abu ne dabam.

A ƴan shekarun nan al'amarin ya ƙaru. A watan Yuli na 2024 manyan kamfanoni biyu, Six Flags da Cedar Fair, suka haɗe, suka yi wa masu hannun jari alkawarin rage kashewa da dalar Amurka miliyan 120, alkawari irin wannan kuwa ba ya cika sai an yanke wani abu. Cikin abin da aka yanke har da Kingda Ka a jihar New Jersey, jirgin wasa mafi tsawo a duniya a lokacin, mai mita 139, wanda ke harba mahaya daga tsaye cik zuwa gudun kilomita 206 a sa'a cikin daƙiƙa uku da rabi. Na'urar da ke wannan harbi ta sha tsayawa tun buɗe shi a 2005. Aka rufe shi a Nuwamba 2024 ba tare da an yi wa masoyansa sallama ba, aka kayar da hasumiyarsa da nakiya a ƙarshen Fabrairu 2025. A farkon Nuwamba na 2025 kuma aka rufe gidan Six Flags America kacokan, kusa da birnin Washington, don a sayar da filin.

To, filin nan shi ne dalili na biyu, wanda sau da yawa ya fi na farko ƙarfi. Gidan wasa akan gina shi a bayan gari inda ƙasa ke da araha, sai gari ya girma ya kewaye shi, har ƙasar ta fi abin da ke kanta daraja; abin da ya sami Ratanga Junction ke nan a Cape Town, wanda aka buɗe a 1998 aka rufe a 2018, wurin ya koma gidaje da ofisoshi. Akwai kuma dalilin haraji: otal mai ɗaki 100 da Disney ta gina da siffar jirgin sama-jannati, inda kwana biyu na mutum biyu ya kusa dalar Amurka 5,000, an buɗe shi a Maris 2022 an rufe a Satumba 2023, aka rubuta wajen miliyan 250 cikin hasara, hasarar da aka rubuta kuwa tana rage harajin da ke kan ribar sauran sassa.

Kada a ɗauka wannan hisabi kullum yana fita daidai. A 2005 Six Flags ta rufe AstroWorld a Houston bisa zaton filin zai kawo kuɗi masu yawa, ta kashe wajen miliyan 20 wurin rushewa, ta sayar a kan miliyan 77, ƙasa ƙwarai da abin da ta yi tsammani. Filin ya yi shekara da shekaru fayau ana ajiye motoci a kansa, kamfanin kuma bai tsira daga kai kansa kotun fatara ba a 2009. Ban da haka, akwai hasarar da ba ta shiga littafin ma'aji ko kaɗan, wato ta samarin da ke samun aikin hutu a wurin, da masu masauki da masu abinci na kewaye, da yaran talakawan garin waɗanda iyayensu ba su da halin kai su wani gari. Abin da kamfani ya kira tanadi, a haƙiƙa sau da yawa nauyi ne da ya sauke daga kansa ya ɗora wa wanda ba a shawarta ba.

Idan muka juyo gida, abin da ya fi kama da wannan shi ne gidajen silima. Kano ta sami Rex tun 1937, Yamai da Maraɗi da Damagaram kuma duk sun yi zamanin da dare bai cika ba sai an je kallon fim ɗin Indiya a fili mai katanga babu rufi. Da aka karya darajar sefa da rabi a Janairu 1994, hayar fim da ƙwan majigi da duk wani ƙarfe da ake sayowa daga waje suka ninka, a daidai lokacin da gidajen bidiyo na unguwa ke nuna fim a kan kuɗi ƙalilan. Mai silima ya duba ya ga katangarsa tana tsakiyar gari, hayar shaguna kuma ba ta bukatar majigi, sai ya yi abin da mai Ratanga ya yi.

Wuraren nishaɗi na hukuma kuwa hanyarsu dabam ce. A zamanin Seyni Kunce, sa'ad da kuɗin yuraniyom ke shigowa, aka raya samariya, aka giggina gidajen matasa, aka fara gasar kokowa ta ƙasa a nan Tawa a 1975. Da farashin ma'adinin ya faɗi a farkon shekarun 1980, gine-ginen suka rage, abin riƙonsu ya tafi. Har yau filin kokowa na babban birnin jiha yakan karɓi wannan gasa ta takobi sau ɗaya ne a cikin shekaru masu yawa, tun da tana zagaya jihohi takwas, amma ruwan sama da iska da gara ba su jiran zagayi. Bikin 18 ga Disamba ma, wanda ya kawo wa Tawa gine-ginen Tawa Sakola a 2017, kuɗinsa na gini ne daga baitulmalin ƙasa, riƙo kuwa yakan faɗo kan ma'aikatar magajin gari wadda abin shigarta kuɗin kasuwa ne da ɗan haraji. Shi ya sa a wurinmu ba a shelar rufewa. Janareto ne zai tsaya don babu gazuwal, mai gadi ya gaji da jiran albashi, ƙofa ta ɓalle, awaki su shiga, a wayi gari wuri ya rufu ba wanda ya sa hannu a takarda, ba kuma wanda za a tambaya.

Malamanmu na fiƙihu sun riga kowa gane wannan mas'ala a babin hubusi, inda suka hukunta cewa abin da wakafi ya samar, da gyaransa ake farawa kafin a raba wa waɗanda aka yi dominsu, domin idan asali ya rushe amfani ya yanke, sadakar kuma ta daina gudana. Kuma mun ga gaskiyar wannan da idonmu a wani fage wanda ba na wasa ba. Aikin Keita, wanda Italiya da hukumar FAO suka fara a 1984, wanda mata suka ɗauki mafi yawan duwatsunsa a ka, ya bar madatsun ruwa da gine-ginen tare zaizaya masu yawa, amma madatsa kowace damina yashi take tarawa, yasarta kuwa na bukatar injin da ƙauye bai da shi. Layukan bedi da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975 don tare iska, su kuma suna da abin da madatsa ba ta da shi: rassan da ake sassabewa itace ne mai kasuwa, don haka akwai mai ribar tsaron su.

Saboda haka idan wata ƙungiya ko wani attajiri ɗan gari ya zo da kyautar lilo da maneji ga yaran Madawa ko Buza, abin alheri ne, wasan yara kuma mubahi ne da babu mai hankalin da zai ƙi, amma kafin a yi guɗa ya kamata dattawa su tambayi inda za a sami ƙarfensa idan ya karye, ko maƙerin garin zai iya, da wanda zai biya mai gadi a shekara ta uku bayan mai kyauta ya koma. Lilon da yaro ke turawa da ƙafa ya fi mai lantarki daɗewa a garin da wuta ke zuwa tana tafiya. Hanya mafi kusa ita ce a gina ƴan shaguna a jikin katanga, a rubuta a gaban shaidu cewa hayarsu ta gyaran wurin ce ba ta wani abu ba, a kuma iyakance yawansu a cikin takardar, domin shaguna ne dai suka cinye gidajen silima.