Mayar da kwamfuta yadda aka saye ta: Abin da ke tsira da abin da ke salwanta

Duk lokacin da kwamfuta ta fara nauyi, ko ta riƙa maƙalewa a tsakiyar aiki, shawarar da masu gyara suka fi bayarwa ita ce a wanke ta, a mayar da manhajar Windows yadda take tun farko. Shawarar takan yi amfani. Matsalar ita ce mutane da dama ba sa gane abin da suka yi asara sai na'urar ta dawo hannunsu fes, ɗan kasuwa ya nemi manhajar lissafin bashin abokan cinikinsa ya rasa, ma'aikaci kuma ya tarar da wasiƙun ofis na shekaru sun yi ɓatan dabo.

Tun daga Windows 10, wadda kamfanin Microsoft ya fitar a watan Yulin 2015, har zuwa Windows 11, akwai wurin da ake kira "Reset this PC" a cikin saituna. Zaɓi biyu yake bayarwa: "Remove everything", wanda ke share komai, da "Keep my files", wanda ke barin fayilolin mai na'ura. Sunan zaɓi na biyun ne ke ruɗar jama'a. Gaskiya ne yana barin takardu da hotuna da bidiyo, har da asusun shiga kwamfutar, amma yana cire manhajojin da mutum ya sanya da kansa, tare da yawancin tsare-tsaren da ya yi musu. Abin da zai bar masa kawai shi ne jerin sunayen manhajojin da aka cire, a fuskar kwamfutar.

Wajibi ne a fahimci inda waɗannan tsare-tsare suke zama. Windows na da wata ɓoyayyiyar ma'ajiya mai suna AppData a cikin babban fayil ɗin kowane mai amfani, wadda ba ta bayyana sai an umarci kwamfuta ta nuna ɓoyayyun abubuwa. A nan Chrome da Firefox ke adana kalmomin sirri da shafukan da aka yi wa alama, a nan kuma manhajoji da yawa ke ajiye bayanansu. Wankewa na kawar da wannan ma'ajiya daga wurinta. Sau da yawa akan samu ragowarta a wani fayil mai suna Windows.old, sai dai dogaro da shi ganganci ne, domin Windows kan share shi da kanta bayan 'yan kwanaki.

Saboda haka aikin gaske kafin wankewa ake yin sa. Mai amfani da Chrome ya shiga da asusunsa na Google ya kunna daidaitawa, domin kalmomin sirrinsa su koma can. Mai tara wasiƙu a tsohuwar manhajar Outlook ya fitar da su a fayil mai ƙarshen .pst ya kwafe a filashi. Mai manhajar lissafi irin QuickBooks ya yi ajiyar bayanai daga cikin manhajar kanta, sannan ya gwada buɗe ajiyar a wata kwamfuta, don ajiyar da ba a gwada ba ba ta da tabbas. A kuma rubuta lambobin lasisin Office da sauran manhajojin da aka saya. Wannan ya fi shafar masu kwamfutar hannu ta biyu, waɗanda suka same ta da manhajoji a ciki ba tare da takardar lasisi ba: idan aka cire su, sai dai a sake saye.

Microsoft ya samar da manhajar Windows Backup a 2023, wadda ke tuna zaɓin harshe da hoton fuska da kalmomin sirrin Wi-Fi da jerin manhajoji, muddin mutum na amfani da asusun Microsoft. Wanda ya sha wahalar saita allon rubutu mai ƙ da ɗ da ɓ zai ji daɗin hakan. Amma gurbin kyauta na OneDrive gigabait 5 ne kacal.

Akwai wani tarko da ya fi waɗannan muni. Sababbin kwamfutoci da dama na kulle bayanansu da BitLocker ba tare da mai su ya lura ba, kuma yayin gyara na'urar na iya neman mabuɗi mai lambobi 48. Mabuɗin kan kasance a asusun Microsoft na mai kwamfutar. Idan ta ofis ce, yana hannun sashen kula da na'urori, kuma bai kamata ma'aikaci ya kai kayan gwamnati kasuwa a wanke ba tare da saninsu ba.

Hanyar maidowa da kamfanoni irin su HP da Dell ke sanyawa a na'urorinsu ta bambanta da ta Windows, domin galibi tana share faifan gaba ɗaya. Wanda kuma ya zaɓi sauke sabuwar Windows daga intanet ya tanadi data fiye da gigabait 4. Aikin na iya cin sa'a guda ko fiye, don haka a cika batir, a kuma tabbatar akwai janareta ko sola a kusa, saboda ɗaukewar wuta a tsakiyarsa na iya barin kwamfutar ta ƙi tashi.