Yawon Buɗe Ido Na Sa-kai: Yadda Habasha Ke Haɗa Baƙunci Da Taimakon Mata Masu Yoyon Fitsari

Wani sabon reshe ya ɓullo a harkar yawon buɗe ido, inda matafiyi ke biyan kuɗin tafiyarsa, ya ga wuraren tarihi, sa'an nan ya bar gudunmawa ga wata ƙungiyar agaji a ƙasar da ya ziyarta. Ƙasar Habasha tana cikin wuraren da wannan tsari ya samu gindin zama, musamman wajen tallafa wa mata masu fama da yoyon fitsari.

Cutar tana samuwa ne galibi sakamakon doguwar naƙuda, yayin da kan jariri ya danne mafitsara har naman wurin ya mutu, ya bar kafar da fitsari ke zuba ba tsayawa. Sau da yawa jaririn ba ya zuwa da rai, uwar kuma ta koma gida cikin ƙyama da kaɗaici. Tiyata tana warkar da mafi yawansu, sai dai matan karkara ba su da halin biya.

Tushen aikin a Habasha ya faro ne a shekarar 1959, lokacin da Dakta Catherine Hamlin, 'yar ƙasar Ostareliya, da mijinta Dakta Reginald Hamlin suka isa Addis Ababa bisa kwantiragin shekara uku. A 1974 suka kafa asibitin yoyon fitsari na birnin, wanda ke yi wa mata aiki kyauta. Daga bisani an buɗe rassa biyar a Bahir Dar, Mekele, Yirgalem, Harar da Metu, kana a 2007 aka kafa kwalejin horar da ungozomomi. Kafin rasuwar Dakta Catherine a 2020, tana da shekara 96, asibitocin sun yi wa mata fiye da 60,000 magani.

Da yake ba a karɓar ko kwabo daga majinyata, asibitocin sun dogara ne a kan taimakon da ke zuwa daga ƙetare. A nan ne yawon buɗe ido ya shigo. Gidauniyar da ke tara musu kuɗi a Ostareliya ta sha shirya wa magoya bayanta tafiya zuwa Habasha. Bisa al'adar irin wannan tafiya, matafiyi ne ke ɗaukar nauyin jirgi da masauki da abincinsa, kuma kafin ya tashi sai ya tara wani adadi daga 'yan uwa da abokan aiki, wanda ake miƙa wa ƙungiyar. Akan daidaita lokacin da gasar gudun kilomita 10 ta Addis Ababa, wadda shahararren ɗan tsere Haile Gebrselassie ya assasa a 2001.

Abin kallo kuwa ba ya kaɗan. Akwai majami'u 11 na Lalibela da aka sassaƙa daga dutse, waɗanda hukumar UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 1978. Akwai fadojin sarakunan Gondar, da tafkin Tana, da tsohon birnin Harar mai ganuwa da masallatai 82.

Ta fuskar tattalin arziki, ribar kashi biyu ce. Na farko, kuɗin da baƙo ke kashewa yana shiga aljihun masu otal, direbobi, 'yan rakiya, masaƙa da masu sayar da gahawa, ƙasar kuma ta samu kuɗaɗen musaya. Na biyu, wanda ya ga asibiti da idonsa yakan koma gida ya ci gaba da ba da taimako shekara da shekaru, domin gani ya kori ji.

Sai dai harkar ba ta rasa masu suka ba. Kuɗin jirgin baƙo ɗaya daga nesa zai iya biyan aikin tiyatar mace fiye da ɗaya, don haka ake tambayar ko ba gara a aiko da kuɗin a zauna a gida ba. Haka kuma akwai batun mutuncin majinyata, waɗanda bai kamata a mayar da su abin kallo ko ɗaukar hoto ba, da kuma haɗarin barin wanda ba shi da horo ya taɓa mara lafiya. Ɓarnar da irin wannan yawo ya haifar a gidajen marayu ta sa Ostareliya, a 2018, ta ɗauki safarar yara zuwa gidajen a matsayin wani nau'in bautar zamani. Saboda haka ya wajaba matafiyi ya nemi sanin nawa ne zai isa ga ƙungiyar, nawa kuma kamfanin shirya tafiya zai ɗauka.

Bugu da ƙari, kasuwar ba ta da tabbas. Annobar korona ta 2020 da yaƙin Tigray daga 2020 zuwa 2022 sun durƙusar da zuwan baƙi, alhali mata ba su daina naƙuda ba. Asibitin da ya rataya kasafinsa a kan baƙi kaɗai yana cikin hatsari.

Batun ya shafi Nijeriya kai tsaye. Ƙiyasin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna mata kimanin 260,000 ne suka mutu a dalilin ciki da haihuwa a 2023, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu kuwa a Nijeriya. Ƙasar tana da cibiyoyin yoyon fitsari na tarayya a Babbar Ruga ta Katsina, da Ningi, da Abakaliki, tana kuma da Hawan Sallah na Kano da bikin kamun kifi na Argungu, waɗanda UNESCO ta amince da su. Kafin a iya haɗa biyun, tilas a samar da tsaron hanyoyi, da lissafin kuɗi a fili, da ƙa'idar da za ta kare sirrin majinyata.